Daga Gidan Fatoma zuwa Intanet: Tarihin Neman Ma'aikaci Mai Harshe Biyu

Neman mai jin harshe biyu domin a ba shi aiki tsohon abu ne a ƙasar Hausa. Ya girmi takardar neman aiki, ya girmi ofis. Duk inda fatauci ko mulki ya haɗa mutanen da ba sa jin maganar juna, dole a sami na uku da zai tsaya a tsakani. Abu biyu ne suka riƙa sauyawa cikin shekara ɗari biyun da suka wuce: hanyar da ake bi a samo wannan mutum, da abin da mai ba da aikin yake nunawa har a yarda a yi masa aiki. Na biyun nan ba a cika waiwayarsa ba, alhali a kansa lamarin ya dogara, domin wanda aka ba amanar baki yana iya gyara ciniki, yana iya ɓata shi, kuma shi ma yana da zaɓin wanda zai bi.

A zamanin fatake aikin yana hannun fatoma. Ayarin da ya tashi daga Kano ko Katsina zuwa Gwanja neman goro yakan yi watanni a hanya, ya ratsa Yawuri da Bargu da ƙasar Dagomba kafin ya kai Salaga. A kowane babban zango akwai maigidan da ya daɗe a wurin, ya iya harshen 'yan ƙasa, wani ma ya auri 'yarsu. Shi ke saukar da baƙo, ya ajiye masa kaya, ya samo mai saye, ya yi masa tafinta gaban sarkin gari idan an zo maganar kuɗin hanya, ya kuma tsaya masa idan an ba da bashi. Ladansa la'ada ce. Ba shela ake yi a neme shi ba, sunansa ke tafiya tare da ayari. Fatoman da ya ci amanar baƙo bana, baɗi zai ga madugu ya wuce ƙofar gidansa da jakuna ya sauka gidan wani. Haka nan a birnin Kano, Larabawan Gadamas da Tarabulus da suka zauna a unguwannin da ke kusa da Kurmi sun dogara da dillalai da barori masu jin Larabci da Hausa, wasu har da Buzanci ko Barbarci.

A fada kuwa harshen takarda Larabci ne. Wasiƙun da ke kai da komo tsakanin Sakkwato da masarautu, tun zamanin Waziri Giɗaɗo ɗan Laima, da Larabci ake rubuta su, jakada ya ɗauka, a karanta gaban sarki, a warware da Hausa ko Fillanci. Magatakarda daga zauren karatu ake samo shi, kuma shaidarsa ita ce malamin da ya karantar da shi. Waɗannan su ne ma'aikatan gwamnati masu harshe biyu na farko a ƙasar nan, kuma rashin adalci ne babba yadda tsarin boko ya zo daga baya ya riƙa ƙirga irinsu cikin waɗanda ba su yi karatu ba.

Zuwan Turawa masu yawon bincike ya kawo wata sabuwar buƙata, ta mai jin Hausa da harshen Turai. Irin wannan mutum babu shi a Kano ko Sakkwato a lokacin, sai a bakin teku, cikin waɗanda bauta ta fitar daga gida. Hugh Clapperton, wanda ya rasu a Sakkwato a 1827, ya yi tafiyarsa ta biyu tare da wani Bahaushe mai suna Abubakar, wanda Turawa ke kira William Pascoe, da ya yi aiki a jiragen ruwan yaƙin Ingila. Tawagar da ta shigo kogin Kwara a 1841 daga Freetown ta Saliyo ta ɗebi tafintocinta, cikin bayin da aka 'yanta daga jiragen masu fataucin mutane. A wannan tafiya ne wani ɗan mishan Bajamushe, James Frederick Schön, ya soma kama Hausa.

Labarin Dorugu shi ya fi nuna yadda abin yake. Yaro ne Bahaushe daga wajen Kance a ƙasar Damagaram, mahara suka kama shi, aka yi ta sayar da shi har Kukawa. Bature mai yawon bincike Adolf Overweg ya fanshe shi tare da wani yaro Bamargi mai suna Abbega, da Overweg ya rasu a 1852 suka koma hannun abokin tafiyarsa Heinrich Barth. Sun bi Barth har Tumbutu, sannan ya tafi da su Ingila a 1855. A can Schön ya zaunar da Dorugu yana ba shi labarin rayuwarsa da tatsuniyoyi da karin magana, shi kuma yana rubutawa. Da wannan ne aka gina littafin nahawun Hausa na 1862, da ƙamus na 1876, da littafin Magana Hausa na 1885. Schön ya sami lambar yabo a Faransa da digirin girmamawa a Oxford. Dorugu kuwa ya dawo gida ya ci gaba da tafinta, ƙarshen rayuwarsa yana koyarwa a makarantar Hans Vischer, wato Ɗan Hausa, a Nasarawar Kano, ya rasu a 1912. Abbega ya zama sarki a Lakwaja, jikansa Maimaina ya yi wa Turawa tafinta a Barno har ya zama Sarkin Askira. Babu ɗaya cikin yaran nan biyu da aka tambaye shi ko yana son aikin. Ƙaddarar bauta ce ta ɗauke su, amma a kan bakin ɗayansu nazarin Hausa a Turai ya tsaya da ƙafarsa.

Da Kamfanin Neja ya sami izinin mulki a 1886, sannan Gwamna Lugga ya kafa tuta a Lakwaja ranar 1 ga Janairu 1900, sai tafinta ya zama jigo. Turawan 'yan kaɗan ne, ƙasar kuwa faɗi gare ta, kuma yawancinsu ba sa jin ko sannu. Suka nemi tsofaffin fatake da barorin kamfani da sojojin da suka iya ɗan Turanci, suka ba su muƙamin wakilan siyasa, su kai saƙo fada, su saurari abin da ake faɗa a kasuwa, su kawo rahoto. Adamu Jakada na Kano yana cikin waɗanda suka yi fice. Ɗaukar irin waɗannan ba ta da ƙa'ida: Bature ya ga yaro mai kaifin baki cikin masu ɗaukar kaya ko masu dafa abinci, ya jawo shi jiki, shi ke nan.

Hatsarin wannan tsari bai ɓuya ba. A zaman shari'a, Di'o yana kan kujera, talaka yana durƙushe, tafinta yana tsaye tsakaninsu da sanda a hannu. Talaka ya yi dogon jawabi, tafinta ya juya ya faɗi kalma biyar. Bature ya yanke hukunci, tafinta ya isar da shi yadda ya ga dama. Ba mai iya bin diddiginsa cikin su biyun. Saboda haka mai ƙara yakan fara kai gaisuwa gidan tafinta kafin ya isa ofis, wasu tafintocin kuma suka yi dukiyar da albashinsu ba zai kawo ba. Lamarin ya taɓa manyan al'amura ma. Wasiƙar da Lugga ya ce ta zo masa daga Sarkin Musulmi Abdurrahman a 1902, wadda ya kafa hujjar yaƙi da ita, fassararta ta Turanci ce ta yaɗu, asalin Larabcin kuwa ba a gan shi ba, kuma D. J. M. Muffett, tsohon jami'in mulki da ya bi diddigin zancen, ya nuna shakka a kanta a littafinsa na 1964. Kano ta faɗi a Fabrairun 1903, Sakkwato a Maris. Maganin da gwamnati ta nemo daga baya shi ne ta wajabta wa jami'anta cin jarrabawar Hausa, ƙarama da babba, ta kuma ɗaure ƙarin girma da ita.

Aikin ofis kuma sai aka ɗebo akawuna daga Legas da Gwalkwas da Saliyo. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 suka ƙaru, aka keɓe musu Sabon Gari. Sun iya Turanci da keken rubutu, amma da yawansu ba su jin Hausa, ba su san fada ba. Gwamnati ta ga ba makawa sai ta raini nata. Hans Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar Nasarawa a 1909, Gwamna Clifford ya buɗe Kwalejin Katsina a 1922. A nan ne mai ba da aiki ya fara cin karo da matsalar suna. Aikin Nasara ba abin alfahari ba ne a idon jama'a, iyaye suna ɓoye 'ya'yansu, har ana ba da labarin masu sarauta da suka tura 'ya'yan barorinsu a maimakon nasu. Turawa suka gane cewa sai sun sa wa abin rigar mutunci: ɗalibai suka zauna cikin riga da hula, aka sa malaman Larabci da addini, aka bi ta hannun sarakuna wajen zaɓen yara, aka kuma buɗe wa masu kammalawa ƙofar muƙamai a En'e. Da aka ga ɗan makaranta ya dawo ya zama malami ko magatakarda ko hakimi bai bar salla ba, sai ƙyamar ta fara raguwa. Daga wannan kwaleji Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello suka fito.

Wanda ya fi kowa fahimtar yadda ake farautar mai harshe biyu a wancan zamani shi ne Rupert East na Hukumar Fassara, wadda ta koma Hukumar Talifi a Zariya. Bai zauna ofis yana jiran takardu ba. A 1933 ya zaga garuruwa yana zama da malamai yana roƙonsu su rubuta labari da Hausar boko, ya sa gasa. Gasar ta fito da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi, amma ta yi wani aikin ma, ta nuna masa waɗanda alƙalaminsu ke da rai. Ta haka ya gano Abubakar Imam, malami a Midil ta Katsina, ya aro shi zuwa Zariya a 1936 ya rubuta Magana Jari Ce, sannan ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fita a Janairun 1939. Da aka kafa Kamfanin Gaskiya a Tukur-Tukur a 1945, manufar East ita ce wuri ne da Bature da ɗan ƙasa za su yi aiki kafaɗa da kafaɗa. Ko an cim ma wannan buri gaba ɗaya ko ba a cim ma ba, sunan ya ja haziƙan samari zuwa Zariya. Darasin East har yau bai tsufa ba: ya auna mutane da aikin hannunsu a harshensu, ba da yawan Turancinsu kaɗai ba. Imam ɗin nan daga baya ya zauna cikin Hukumar Ɗaukar Ma'aikata ta Jihar Arewa, yana tantance wasu.

A ɓangaren Nijar tafiyar ta bambanta. Faransawa da harshensu kaɗai suke koyarwa, manyan ɗalibai kuma sai an kai su makarantar William Ponty a Senegal. Ba a gina Hausar boko ta zama harshen ofis kamar yadda aka yi a Zariya da Kaduna ba, don haka tafintan kwamanda ya daɗe yana da ƙarfi a Damagaram da Maraɗi da Tawa.

Shekarun 1950 sun mai da ɗaukar aiki siyasa. Gwamnatin Sardauna ta tsaya kan manufar mai da aikin gwamnati hannun 'yan Arewa: idan akwai ɗan Arewa da ya cancanta a ba shi, in babu a ɗauki Bature na wucin gadi bisa kwantiragi. Makarantar horar da akawuna ta Kongo a Zariya ta zama Cibiyar Koyon Mulki. Majalisar Kaduna da Turanci da Hausa take zama, saboda haka ana buƙatar masu fassara da masu ɗaukar bayani. Tallan guraben aiki ya koma shafin jarida, a Gaskiya da Nigerian Citizen, daga 1966 kuma a New Nigerian. Mai nema ya rubuta takarda da hannunsa, ya sa kan sarki, ya jira amsa ta gidan waya.

Babu wata ma'aikata da ta ɗaga darajar mai harshe biyu kamar gidajen rediyon ƙetare. Sashen Hausa na BBC ya fara ranar 13 ga Maris 1957 da shirin minti 15, da muryar Aminu Abdullahi Malumfashi. Rediyon Jamus da na Sin suka buɗe nasu a 1963, Masko da Alƙahira ma suka watsa nasu, Muryar Amurka ta shigo a 1979, Rediyon Faransa a 2007. Yaƙin cacar baki ne ya haifar da yawancin wannan gasa, kowace ƙasa tana son kunnen Bahaushe. Da fari aron ma'aikata ake yi daga gidajen rediyon gida da ma'aikatun gwamnati, mutum ya yi 'yan shekaru a Landan ko Kolon ya dawo. Jarrabawar kuwa ba ta wasa ba ce. A miƙa wa mutum labarin duniya da Turanci, a duba agogo, ya mayar da shi Hausar da manomi zai gane, sannan a shigar da shi ɗakin ɗaukar murya ya karanta. Mai digiri yakan faɗi, malamin firamare ya haye. Waɗannan gidaje ba su sha wahalar tallata kansu ba, domin kowace safiya da dare sunayen ma'aikatansu suna shiga kowane zaure da kowace rumfar mai shayi. Yaro ya tashi yana kwaikwayon muryarsu, burinsa ke nan tun kafin ya san mene ne albashi.

Shekarun arzikin man fetur sun zo da bautar ƙasa a 1973, da zamanin da ma'aikatu da bankuna ke bin ɗalibai har jami'a. Tsuke bakin aljihu na shekarun 1980 ya juya lamarin, aiki ya yi ƙaranci, mai nema ya koma bin mai bayarwa, aka shiga zamanin sai kana da uwa a gindin murhu.

Baje kolin guraben aiki da aka keɓe wa masu harshe biyu ba a nan ya samo asali ba. Mafi shahara shi ne na birnin Boston a Amurka, wanda wani kamfanin Japan mai suna DISCO ya fara a 1987. Dalilinsa a fili yake: kamfanonin Japan sun bazu a duniya suna neman masu jin Japananci da Turanci, ɗaliban Japan da ke karatu a waje kuma lokacin kammalawarsu bai dace da kakar ɗaukar aiki ta gida ba. Sai aka tara su wuri guda na kwana uku, kamfanoni su kafa rumfuna, a yi ganawa, wani ya fita da alkawarin aiki a hannu. A irin wannan fili kamfani ne ke neman shiga, domin rumfar abokin gasarsa tana gefe. A 1996 Simon Barrow da Tim Ambler a Ingila suka rubuta maƙalar da ta ba wannan tunani gindin zama a ilimin kasuwanci, cewa kamar yadda kamfani ke gina sunan hajarsa a idon mai saye, haka ya kamata ya gina sunansa a idon mai neman aiki. Annobar korona ta 2020 ta tilasta mai da taron Boston da ire-irensa kan intanet.

Tsarin na intanet kwaikwayon na fili ne. Mai nema ya yi rajista, ya ɗora takardar tarihin karatunsa da aikinsa, ya shiga shafi ya ga rumfunan kamfanoni da tambarinsu. Ya latsa ɗaya, ya kalli ɗan bidiyon da ma'aikata ke yabon wurin aikinsu, ya rubuta tambaya, in an ga alamar dacewa a ba shi lokacin ganawa ta bidiyo. A Nijeriya wayar salula ta 2001 ce ta share hanya, shafuka irin su Jobberman, da ɗaliban jami'ar Ile-Ife uku suka kafa a 2009, suka karɓe tallan aiki daga hannun jarida.

Masu neman mai jin Hausa yau sun fi na kowane zamani yawa. Kamfanonin waya da bankuna suna buƙatar masu amsa kiran abokan hulɗa. Google ya sa Hausa cikin manhajarsa ta fassara a 2013, Facebook ya bi a 2016, kamfanonin fasaha kuma suna ɗaukar masu fassara da masu tantance rubutu suna aiki daga ɗakunansu. Kamfanonin Sin, irin masu matatar mai ta Damagaram da aka buɗe a 2011, suna neman mai haɗa Sinanci da Hausa ko Faransanci. Hukumomin Saudiyya sun sa Hausa cikin harsunan da ake fassara huɗubar Arfa. A Maiduguri kuma abin ya juyo ta wata fuska. Ƙungiyar Translators without Borders, da ta fara aiki a can a 2017, ta nuna cewa ƙungiyoyin agaji suna magana da 'yan gudun hijira da Turanci da Hausa, alhali da yawansu, musamman mata, Barbarci ko Shuwa ko Margi suka fi ji. Hausa ta zama harshen mai iko da ke buƙatar nasa tafintan.

Sai dai sabuwar kasuwar ta gaji tsofaffin cututtuka, ta ƙara nata. Baje kolin da Turanci ake gudanar da shi daga farko har ƙarshe, don haka wanda ya fi kowa iya Hausa da Larabci, ɗan zaure ko wanda ya yi karatu a Azhar ko Madina, ba ya ma ganin ƙofar. Ganawar bidiyo tana cin data, tana son wuta da layi mai ƙarfi, ɗan ƙauye yana tsakiyar amsa tambaya hoto ya daskare, lokacinsa ya wuce. 'Yan damfara suna kwaikwayon tambarin manyan ƙungiyoyi su nemi kuɗin rajista. Mafi muni shi ne yadda ake kallon harshen kansa. Talla da yawa suna rubuta jin Hausa a ƙarshen sharuɗɗa a matsayin ƙarin tagomashi, ba a jarraba shi, ba a biyan komai a kansa, sannan ranar da baƙo ya zo a kira direba ko masinja ya yi tafinta. Sashe na 36 na tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya ba wanda ake tuhuma haƙƙin tafinta kyauta, amma a kotuna da yawa magatakardan da ke kusa ne ake ɗora wa aikin, haka ma a asibiti ɗan rakiya ne ke faɗa wa likita ciwon mara lafiya.

Bidiyon talla ba ya rufe wannan. Masu fassara sun san juna, suna da zaurukansu a WhatsApp, kuma labarin kamfanin da ya riƙe kuɗin aiki wata uku yana zaga su cikin yini ɗaya. Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello da ta Usmanu Ɗanfodiyo da ta Abdou Moumouni a Yamai suna yaye masu nazarin Hausa da fassara kowace shekara. Ya kamata masu shirya baje kolin guraben aiki su nemi waɗannan sassa kai tsaye, su buɗe rajista da Hausa, su tanadi ganawa ta kiran waya ga wanda layinsa ba ya ɗaukar bidiyo. Ma'aikatar da ke buƙatar harshe biyu kuma ta jarraba duka biyun, ta rubuta ladan na biyun a cikin takardar albashi.